Igiya, Duwatsu da Furanni: Gwanintar Masu Jinyar Firgici

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A ƙasar Batsari da Safana ta Jihar Katsina, a gefen dajin Rugu, baƙin tsumman nan shi ne ƙugin babur bayan sallar isha'i. Mutanen Tsauwa da Dankar, inda 'yan bindiga suka kashe mutum 30 a Fabrairun 2020, ba sai an yi musu bayani ba. Haka sojan da ya yi aiki da rundunar Hadarin Daji, haka ɗan sa-kai, haka matashin da ya shiga rundunar tsaron al'umma wadda Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023. Wani ya ajiye bindiga ya koma gonar rogonsa, amma barci ya ƙaurace masa. Ƙyaure ya buga, ya zabura. Ya daina zuwa kasuwa, yana yi wa iyalinsa tsawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

A gida sai a ce iska ce, ko an yi masa sammu, ko kuma a taƙaita da cewa "bai dawo daidai ba." Likitoci kuwa suna kiran abin firgicin bayan tashin hankali, PTSD a taƙaice, idan alamun sun wuce wata guda suna hana mutum harkokinsa. Tun 1915 likitan Ingila Charles Myers ya yi rubutu a kan sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya da suka dawo suna karkarwa, amma sai a 1980, bayan yaƙin Biyetnam, likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa ciwon a kundinsu. Yawancin waɗanda suka ga bala'i suna farfaɗowa da kansu. Masu jinyar da nake son yabawa suna aiki ne da waɗanda abin ya ƙi saki.

Kafin a ga gwanintarsu sai an leƙa cikin kai. Ɗauki ƙwaƙwalwa kamar gari. Akwai ɗan sintiri mai usur, wani ɗan curi da ake kira amigdala, wanda aikinsa shelar haɗari. Akwai mai gari a sashen goshi, shi ke auna labari ya ce a kwantar da hankali. Akwai kuma magatakarda, hifokamfos, mai rubuta wa kowane abu wurinsa da lokacinsa. Zaman lafiyar garin ya rataya ne a kan saƙon da ke kai da komo tsakanin ukun nan. Mutanen Batsari da Safana sun san abin da yankewar saƙo ke nufi, domin suna cikin ƙananan hukumomi 13 na jihar da aka rufe wa layin waya a Satumban 2021. Hotunan ƙwaƙwalwar tsoffin sojoji masu wannan ciwo suna nuna kwatankwacin haka: ɗan sintiri yana ta busa, muryar mai gari ba ta isa gare shi da ƙarfi. A 1995 Douglas Bremner da abokan aikinsa sun auna hifokamfos na dama a tsoffin sojojin Biyetnam masu ciwon, suka tarar ya gaza na masu lafiya da kusan kashi 8 cikin ɗari. Wani bincike a kan tagwaye a 2002 ya nuna cewa ƙanƙantar tana iya riga yaƙin zuwa, ta sa ciwon ya fi saurin kama mutum. Ko ta ina aka duba, sakamakon ɗaya ne. Abin da ya faru ya zauna a kai babu kwanan wata, don haka ga mai shi kullum yanzu yake faruwa.

Aikin gwanin mai jinya shi ne mayar wa wannan tunani kwanan watansa. Hanyar da ta fi burge ni ita ce wadda Maggie Schauer da Frank Neuner da Thomas Elbert na Jami'ar Konstanz a Jamus suka tsara, wato jinya ta ba da labari. Kayan aikinta ba su fi ƙarfin kowane ƙauye ba. Ana shimfiɗa igiya a ƙasa. Bakinta ɗaya ranar haihuwa ce, ɗaya bakin kuma a bar shi a naɗe, domin rayuwar da ke gaba. Mutum zai bi igiyar yana ajiye fure a kan kowane abin farin ciki: saukar karatu, ranar aure, haihuwar ɗan fari. A kan kowace masifa kuma ya ajiye dutse. Ga waɗanda suka riƙe makami akan ƙara 'yan sanduna, alamar abin da hannunsu ya aikata, kamar yadda aka yi da tsoffin mayaƙa a gabashin Kwango. Tun a zaman nan mutumin da yake ganin rayuwarsa dare ɗaya ce zai ga da idonsa cewa daren nan dutse ne guda a kan doguwar igiya.

Sai a fara bin duwatsun ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan ake gane gwani. Mai rauni yana so ya tsallake wuri mafi zafi da gudu. Gwani kuwa nan yake rage tafiya. Zai ce, "Baba, a lokacin gero ya fid da kai ko tukuna? Wace riga ce a jikinka? Wa ke hannun damanka?" In ya ga numfashi ya sauya, gumi ya keto, sai ya ce, "A daren nan ƙirjinka ya buga. Yanzu fa, da muke zaune a tabarmar nan, me kake ji?" Da haka yake riƙe mutum ƙafa ɗaya a jiya, ƙafa ɗaya a yau, har tsoron ya kai ƙololuwa ya sauko da kansa. Ba ya katse shi da "yi haƙuri" tun bai gama ba. Ba ya zare ido in ya ji abin da kunne ba ya so. Ba ya sallamarsa a tsakiyar dutse. Labarin zuciya a tambayi fuska, shi ya sa idonsa ba ya barin fuskar mai magana. Yana rubuta komai, a zama na gaba ya karanta masa, a gyara, a ci gaba. Ranar ƙarshe mutum ya karɓi tarihin rayuwarsa a rubuce.

Abin ba tatsuniya ba ne. A binciken da aka buga a 2004, an gwada hanyar a kan 'yan gudun hijirar Sudan a sansanin Imvepi na Yuganda, zama huɗu kacal. Bayan shekara, kashi 29 cikin ɗari ne kawai ke da ciwon, alhali a cikin waɗanda aka yi wa nasiha ta yau da kullum kashi 79 ne. A 2008 kuma, a sansanin Nakivale, an nuna cewa 'yan gudun hijira da kansu, bayan horon mako shida, suna iya yin jinyar ta yi amfani. Sai dai horon wajibi ne, da kulawar ƙwararre, domin wanda ya buɗe ƙurji bai iya ɗauri ba ƙara ciwo yake yi.

Mu ma muna da gado a wannan fage. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara jinyar masu ciwon ƙwaƙwalwa a ƙauyukan da ke kewaye da Aro, kusa da Abekuta, kowa tare da danginsa. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Dawanau ta Kano, amma duk tafiya ce mai nisa ga manomin Runka ko Wagini.

An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma gaskiya ne. Amma akwai sirrin da in ya daɗe a ciki yake cin mai shi. Ina roƙon gwamnatin Katsina ta horar da ma'aikatan jinya na asibitocin Batsari da Safana, maza da mata, a kan wannan gwaninta. Malamai su gaya wa jama'a cewa addu'a da neman magani ba kishiyoyi ba ne. Kai kuma mai karatu, in akwai wanda ya tsare maka gari yana kwana ido biyu a gidanku, kada ka bar shi da ƙwaya da kaɗaici. Kama hannunsa ka kai shi wurin wanda ya iya sauraro.