Ci-rani da Ranar Komowa

Na sha jin wasu suna cewa ci-rani suna ne mai daɗi da aka laƙaba wa yawon banza, wai bara ce aka sa wa riga. Wannan ba ta cancanci doguwar amsa ba. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan ga-ruwa da rana tsaka yana tura kura shaƙe da jarkoki, jijiyoyin wuyansa a tashe, ya san ba roƙo ya fito ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda kalmar ke sulalewa daga hannunmu.

Manomin ƙasar Hausa damina ɗaya gare shi, wata huɗu zuwa biyar, kuma da hatsi ya shiga rumbu sai hannu ya zauna. Tun da can almajirai kan bi malaminsu wani gari su ci rani. Da Turawa suka kama ƙasa a 1903, haraji ya koma na tsabar kuɗi, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ga kuza a Jos, ga gonakin koko a Kurmi da Gwalkwas, sai hanya ta buɗe. A shekarun 1950 wani mai bincike, Mansell Prothero, ya bi diddigin masu fita daga lardin Sakkwato, kuma har gobe mutanen Adar na ƙasar Tawa sun san hanyar Abijan kamar ta gonarsu.

Amma gishirin maganar yana cikin “ci”. Bahaushe yana cin kasuwa, ya ci riba, ya ci sarauta, ya ci jarrabawa, ya ci gari da yaƙi. A duk waɗannan mai ci shi ke da galaba. Akwai kuma cin da ke nufin shafe lokaci, kamar a ce gini ya ci wata uku. Ci-rani ta haɗa biyun, mutum ya shafe rani, kuma ya rinjaye shi. Rani kuwa shi ma maciyi ne. Yana cin rumbu, ya ci ƙibar dabba, ya tura magidanci cin bashi tun shuka ba ta tsiro ba. Ke nan wanda ya saɓa jakarsa bayan girbi ya riga ranin ne, ya ci shi tun bai ci gidansa ba.

Akwai ma'ana ta uku da na fi ƙauna, don ita ce ta ainihi, wato cin tuwo. Saurayi majiyi ƙarfi, idan ya zauna gida wata shida, dami nawa na gero zai tashi da shi? Da ya tafi, ya rage baki. Abincinsa yana can inda yake dako ko yankan farce ko sayar da shayi, rabonsa kuma ya zauna a rumbu don tsofaffi da yara. Ko da aljihu wayam ya dawo, bai yi asara ba. Masu auna ci-rani da kuɗin da aka shigo da su kaɗai sun bar rabin lissafin a baya.

Sai rabin kalmar na biyu. Rani yana da iyaka, da ruwa ya sauka sai a koma gona, shi ya sa ba mu da ci-damina. Nan ta rabu da 'yan'uwanta: fatauci sai da jari da haja, ƙaura tashi ne da tabarma da tukunya, gudun hijira kuwa tilas ce. Ci-rani ce kaɗai aka yanka mata wa'adi tun a cikin sunanta.

Don haka raina ke sosuwa in na ji gidajen rediyo suna kiran masu ratsa Agadas zuwa Libiya, su hau kwalekwale a Bahar Rum, da sunan 'yan ci-rani. Ban raina wahalarsu ba, wallahi, ta ma fi ƙarfin kalmar. Sai dai da yawansu babu gonar da ke jiran su, babu ranar da aka sa. In muka bari sunan ya tafi can, da me za mu kira mai shayin da ke bakin titi a Legas, wanda kunnensa ke kan labarin hadari a garinsu? Ka tambaye shi, “Malam, yaushe za a leƙa gida?” Ba zai duba kalanda ba. Cewa zai yi, “Ruwa muke jira ya sauka.” Kuɗin taki kuwa tuni ya aika.