Kuloci, Filawil da Ɗan Boris: Yadda Ake Zaɓe a Garejinmu

Idan kuloci ya fara zamiya, inji na ihu mota ba ta ja, abin da aka saba a gareji shi ne a sauke giyabos, a ciro faifan da ya cinye, a miƙa wa yaro ya hau babur zuwa Ƙofar Ruwa in a Kano ne, ko Panteka in a Kaduna, ya samo irinsa. Can za a ɗora tsoho kan sabo, a ƙirga haƙoran tsakiya, a gwada faɗi. In sun yi daidai, ciniki ya faɗa. Sauran ƙarafan da faifan ke gogayya da su kuwa, kallo ɗaya ake musu a ce lafiyarsu lau.

Wannan al'ada tana da asali. Ta kafu ne a zamanin fijo 504, wadda aka ƙera a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna kuma ya fara haɗa motoci a 1975 ya ci gaba da fitar da ita har cikin shekarun 2000. Filawil ɗinta dunƙulallen ƙarfe ne. Aikinsa ya ajiye ƙarfin juyi tsakanin bugun fistin da na gaba, ya ba sitata haƙoran da za ta kama, ya kuma zama fuskar da faifan kuloci ke mannewa. Irin wannan ƙarfe yana da haƙuri. In ya yi zane ko tabon zafi, a kai wa mai injin sassaƙar ƙarfe ya share fuskar. In lainin faifai ya ƙare, akwai masu buga sabo da ribit. Bakanike ya koyi canza abin da ya mutu kaɗai, kuma a kan wannan mota dabarar ta biya.

Turawa kan ce tunda an sauke giyabos a canza komai lokaci guda, saboda a wurinsu kuɗin aiki ya fi na kaya. A nan lissafin ya juya: ladan bakanike kaɗan ne, kayan ne ke da tsada. Don haka ban ga laifin mai mota da ya ce, "Oga, a lallaɓa mini wannan tukuna." Inda lissafinsa ke karyewa shi ne motar haya. Ranar da bas ta kwana a gareji ba balas, kuma sauke giyabos sau biyu a wata uku ya fi kuɗin abin da aka yi rowarsa.

Abin da aka fi yi wa rowar kuwa shi ne mafi arha: ɗan boris ɗin da ke zaune a ramin ƙarshen karanshaf, wanda ke riƙe kan sandar giyabos kada ta yi lilo. A motocin da injinsu ke miƙe, masu ja da ƙafar baya irin Hiace da Hilux, yana nan. Yawancin masu inji a gicciye ba su da shi. Ba ya wani aiki sai an taka kuloci, lokacin da inji da sandar giya suka daina juyi tare. Shi ya sa kunnen tsohon bakanike ke rarrabewa: ƙara da zarar ƙafa ta taɓa feda, rilis boris ne, mai danna kuloci ya saki; ƙara sai an danne ta ƙasa, ɗan boris ɗin ciki ne; ƙarar da ke ɓacewa in an taka, daga giyabos take. Wannan ilimi ne na gaske, haka ma dabarar cika ramin da giris ko jiƙaƙƙiyar takarda a buga sanda har boris ɗin ya fito da kansa. Amma ga abin mamaki, mutumin da ya san duk wannan zai mayar da tsohon boris don "bai yi kuka ba". In ya ƙafe, sandar giya ba ta daina juyi ko an taka kuloci, lamba ɗaya da ribas su riƙa kartar haƙori, a ɗora wa sabon faifai laifi. Masu sayen injin Beljiyam da aka ciro daga mota mai giya otomatik su ma suna faɗawa nan, domin yakan zo da siririn faranti maimakon filawil, ramin boris kuma wayam.

Babban sauyi ya zo daga Jamus. A 1985 kamfanin LuK ya fara ƙera filawil mai gida biyu, ƙarfe biyu da sifirin a tsakaninsu, don shanye girgizar inji kafin ta isa giyabos. Yau yana cikin motoci da dama, musamman masu shan gas irin wasu Golf da Passat da Sharan. Wannan ba ya son sassaƙa, kuma in sifirin ya saki, babu gyara. Tsadarsa ta sa wasu ke walde shi ya zama dunƙule, wasu su sa dunƙulallen filawil a madadinsa. Waldar ganganci ce, don tana ɓata daidaiton nauyin ƙarfen da ke juyi sau dubbai a minti. Musanyar kuwa tana yiwuwa, da sharaɗi: faifan da ke tafiya da mai gida biyu galibi ba shi da sifirin a tsakiya, don haka dole a canza shi da mai sifirin. In ba haka ba, duk dukan inji giyabos zai sha.

Ɗora tsoho kan sabo ba ya nuna waɗannan abubuwa. Ba ya nuna ƙarfin matsin murfin kuloci, wanda ya bambanta tsakanin injin fetur da na gas ko da faɗinsu ɗaya. Ba ya nuna zurfin matakin da ke fuskar wasu filawil, wanda in an share fuska aka manta da gefen da murfi ke ɗaurewa, matsi zai ragu. A fijo 406 ma sensa na karanta juyin inji ne daga haƙoran jikin filawil, don haka wanda ya shiga daidai amma tsarin haƙoransa daban zai iya hana mota tashi. Lambar inji da lambar giyabos, waɗanda yaron da aka aika bai tafi da su ba, su ne za su raba gardama a shagon mai kaya.