Tsokaci a Kan Durƙushewar Sana'o'i a Wasan Star Wars Galaxies

1.0 Gabatarwa

Wannan tsokaci zai dubi yadda sauya tsarin ƙere-ƙere ya gurgunta kasuwar 'yan wasa a Star Wars Galaxies, wasan kwamfuta na intanet da kamfanin Sony Online Entertainment na Amurka ya fitar a 2003.

2.0 Tsarin Farko

Da farko akwai rukunonin 'yan wasa fiye da 30, tun daga mayaƙa har zuwa maƙera da maɗinka da magina. Ma'adinai kan bambanta wajen inganci, sukan kuma ƙare a nan su ɓullo a can. Har ila yau, makami kan tsufa ya lalace, sai mayaƙi ya koma ga maƙerin da sunansa ke jikin makamin. Wato dai kowa yana buƙatar wani.

3.0 Sauyin 2005

A watan Nuwamba na 2005 aka rage rukunonin zuwa 9, aka tattara masu ƙere-ƙere a rukuni guda, aka kuma soke lalacewar kaya, wai don a sauƙaƙa wa sababbin shiga. Sai dai abin da ba ya tsufa ba a sayensa sau biyu. Ganimar yaƙi ta danne ƙira, shaguna da dama suka zama kufai, tsofaffin 'yan wasa suka yi ta ficewa.

4.0 Kammalawa

Ko da yake wasan ya ɗore har Disamba 2011, a ra'ayinmu kamfanin ya yi kuskuren ɗaukar dogaro da juna a matsayin cikas, alhali shi ne ginshiƙin kasuwar baki ɗaya.