Karkiya, wuƙa da gurasa: kalmomin tarayya a Ingilishi

Wanda ya bi diddigin kalmomin da Ingilishi ke bayyana aikin haɗin gwiwa da su zai tarar yawancinsu ba daga zumunci suka fito ba. Kalmar "team", wadda a yau ake kiran ƴan ƙwallo da ma'aikatan ofis da ita, a tsohon Ingilishi tana nufin dabbobin da aka haɗa a karkiya ɗaya suna jan garma. Ke nan akwai mai bulala a baya, ko da ba a ambace shi ba.

"Share" kuwa tushenta yanka ne. Asalinsu ɗaya da kalmar aske gashin tumaki, da kuma sunan bakin garmar da ke tsaga ƙasa. Abin da take nufi tun farko shi ne kason da aka yanko wa mutum, shi ya sa ba ta ji kunyar zama sunan hannun jari a kasuwar Landan ba. Haka "partner": daga tsohon Faransanci ta shigo, inda take nufin mai kaso cikin gado. Wadda ke da ɗumi a cikinsu ita ce "company", daga kalmomin Latin biyu masu ma'anar "tare" da "gurasa", wato abokan ciyayya, kamar "copain" na Faransanci. Da Hausa ta are ta ta zama kamfani, gurasar ta riga ta faɗi a hanya.

Ita "collaborate" tarihi ne ya ɓata mata suna. Bayan ganawar Pétain da Hitler a Montoire cikin Oktoba 1940, wanda aka kira da ita yana iya zama abokin aiki, yana iya zama maci amanar ƙasa, kuma har yau Ingilishi na riƙe da ma'anonin biyu.

Duk wannan ba aibi ba ne. Kalma takan bar gidan ubanta. Abin suka yana ga yadda aka yi da su a baya-bayan nan. A 2006 ɗan jarida Jeff Howe ya fito da "crowdsourcing" a mujallar Wired, sunan da ke nuna kamfani ya watsa aikinsa ga taron jama'a, sau da yawa da lada kaɗan ko babu. Sai aka zo ana kiran harkar Airbnb da Uber "sharing economy", alhali ɗaki da mota ake bayarwa don kuɗi. Sunan wannan haya. A Facebook ma mutum yakan danna "share" bai rage komai daga abin hannunsa ba. Yankan da ke cikin kalmar ya ɓace, kwarjininta ya saura.

Ba don Ingilishi ya rasa tarayya ta gaskiya ba. A 1844 mutum 28, masaƙa da wasu masu sana'a, suka buɗe shagon haɗin gwiwa a Rochdale bisa ƙa'idar kowane mamba ƙuri'a ɗaya, a kuma raba riba gwargwadon sayayyar kowa. A karkarar Amurka ana cewa "bee" ga taron maƙwabta da ke haɗuwa su yi wa ɗayansu ɗinki ko ɓarar masara. Wannan ce ta fi kusa da gayya.

A nan malamin da ke fassara wa ɗalibai yake bukatar lura. Mayar da "teamwork" gayya kuskure ne, domin mai gayya yakan ciyar da waɗanda suka zo, kuma ya ɗauki bashin zuwa gonarsu idan nasu kiran ya zo; ma'aikacin ofis albashi yake jira. Adashe ma yana da zubi da ranar kwasa, abin da babu a "share" ta wayar salula. Masu waya a Maraɗi da Damagaram ba su jira ƙamus ba: idan suna son hoto ko waƙa daga wajen aboki, ba su cewa ya raba da su, cewa suke "turo mini".