Muryar Da Ba A Ji Ba: Tsokaci A Kan Littafin Tremearne Game Da Kagoro

Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne a kan littafin A. J. N. Tremearne mai suna The Tailed Head-Hunters of Nigeria, wanda aka buga a Landan a 1912. Marubucin soja ne kuma jami'in mulki, wanda ya yi aiki a Jama'ar Daroro a tsakanin 1908 da 1909, tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kafanchan, balle a mayar da fadar Jama'a can. Manazarta Hausa sun fi saninsa da Hausa Superstitions and Customs na 1913, inda ya tattara tatsuniyoyi ɗari. A can ya zauna ya saurari masu ba shi labari. Da ya juyo kan mutanen Kagoro kuwa, sai kunne ya toshe, ido kaɗai ya rage.

Tun daga sunan littafin aka yanke wa mutanen hukunci. Abin da ya kira wutsiya ado ne da matan aure ke ɗaurawa a ƙugu, amma sai aka ɗora shi a bango tare da farautar kawuna, domin mai karatu ya karɓi zuwan soja a matsayin taimako. Mutumin da ya hau dutse da baka da kibiya don kare rumbunsa ya zama mai taurin kai; karɓar haraji da bakin bindiga ya zama kawo zaman lafiya. Ba a tambayi matar da aka ƙone wa ɗaki inda ta kwana ba, ko abin da iyali suka ci kafin kaka. Alhali waɗannan duwatsu su ne suka daɗe suna kare Agworok daga mahara bayi, don haka gudu zuwa kogo tsohuwar dabara ce, sabon maƙiyi kawai aka samu.

Akwai kuma batun da ya shafi harshen Hausa kai tsaye, ko da yake ba shi da daɗin faɗa. Da Hausa tafinta ke isar da umarni, da ita ake yi wa dakaru magana. Ke nan a kunnen ɗan ƙauye a lokacin, Hausa na cikin kayan mamaya.

Ba za a ce zamanin ne ya hana sauraro ba. A 1907 ɗan jarida F. A. McKenzie ya ratsa ƙauyukan Koriya da sojojin Japan suka ƙone saboda 'yan gwagwarmaya, ya ga tokar garin Jecheon, ya zanta da mazauna da mayaƙan, ya buga The Tragedy of Korea a 1908. Bambancin shi ne McKenzie baƙo ne mai kallo, Tremearne kuwa yana cikin masu aika sintirin. Shi kansa yaƙi ne ya ci shi, a Faransa, a 1915.