Sunan Yanka da Sunan Kira: Nazari a Kan Sunayen Mata a Zangon Ankara

Macen da aka haifa a Nima ko Mamobi, ko a Sabon Zango, ko wata unguwar Musulmi ta birnin Accra, wanda kakanninmu fatake ke ce wa Ankara, da wuya a same ta da suna ɗaya tak. Akwai wanda liman ya raɗa mata ran da aka yanka rago, akwai wanda kakarta ta laƙaba mata tun kafin cibiya ta faɗi, akwai wanda surukai suka ƙirƙiro don kada bakinsu ya kama sunan wata babba, sa'an nan ga wanda akawun gwamnati ya rubuta a takarda gwargwadon yadda kunnensa ya jiyo masa. Abin lura shi ne, daga cikin waɗannan huɗu, wanda shari'a ta fi ba muhimmanci shi ne wanda aka fi ɓoyewa, wanda kuwa aka ɗauka wasa ne shi ne kan raka mace har kushewa, kuma da shi ne tarihi kan riƙe ta.

Ba za a fahimci wannan ba sai an tuna da irin mutanen da suka kafa zango. Fataken goro sun daɗe suna bin hanyar Gwanja zuwa Salaga, daga baya suka gangaro Kumasi da bakin teku. Malam Naino, mutumin ƙasar Katsina, ya sauka Ankara a ƙarni na 19, ɗansa Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, Nima kuma ta tashi a farkon shekarun 1930 a kewayen Malam Amadu Futa, Bafillatani mai fataucin shanu. Waɗanda suka biyo bayansu ba Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Zabarmawa da Mosawa da Dagwamba da Kotokoli da Wangarawa da Yarabawa, amma da yake Hausa ce harshen kasuwa da na tsakar gida, addinin Musulunci kuma shi ne abin da ya haɗa su sahu ɗaya, sai tsarin raɗa suna na ƙasar Hausa ya zama kusan na kowa.

Asalin tsarin yana cikin fiƙihun Malikiyya, kamar yadda almajiri ke karantawa a Risalar Ibn Abi Zaid: a yanka wa abin haihuwa dabba ɗaya ran bakwai, ba a lissafa ranar da aka haife shi in bayan alfijir ya zo, a aske gashin kansa, a yi sadaka da nauyinsa na zinariya ko azurfa. Saboda wannan lissafi ne yarinyar da aka haifa da hantsin Alhamis ake sunanta ran Alhamis mai zuwa. A Nima, inda ɗaki goma sha wani abu kan kewaye tsakar gida ɗaya, lungun kuma bai fi faɗin mutum biyu ba, sai a fito da tabarmi da bencina bakin hanya bayan sallar asuba, a raba goro, uban jaririya ya sunkuya ya raɗa wa liman sunan a kunne, liman ya yi fatiha, maroƙi ya ɗaga murya ya shelanta wa jama'a. Mata suna daga ciki suna kasa kunne. Da zarar sunan ya iso gare su, in ya zamana na uwar miji ne, nan take wata tsohuwa za ta ce, to, an yi wa Hajiya takwara, sai a ce da ita Ummi. Kafin wanzami ya gama aski sunan da aka yanka wa rago ya riga ya shiga akwati.

Dalilin haka kunya ce, wadda Bahaushe ya mai da ita kusan rukuni. Sunayen yanka na mata a wurinmu ba su da yawa, domin an ɗebo su ne daga gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da gidajen annabawan da suka gabace shi: Amina da Halima da Hadiza da A'isha da Hafsatu da Zainabu da Ruƙayya da Faɗima, sai Hawwa'u da Saratu da Hajara da Asiya da Maryamu. To, idan gari guda yana juya sunaye ashirin ko talatin, kuma al'ada ta hana mace ambaton sunan surukarta, ta hana ta ambaton na 'yarta ta fari, babu makawa sai an nemi hanyar kewaye. Daga nan aka sami Indo da Shatu a madadin A'isha, Binta a madadin Faɗima, Dije ga Hadiza, Kulu ga Hawwa'u, Mairo ga Maryamu, Abu ga Zainabu; in kuwa takwarar tana raye a cikin gidan, sai a kauce gaba ɗaya zuwa Ummi ko Inna ko Nana ko Uwani. Mahaifiyar Babban Limamin ƙasar Gana, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a Ankara a 1919, sunanta na yanka A'ishatu, amma masu ba da tarihin Shehun kan ƙara da cewa Mma Tasidi aka fi saninta da shi, kuma ba su ƙara wannan don ado ba, sai don in ba su faɗa ba tsofaffin gari ba za su gane wadda ake nufi ba.

Kada mai karatu ya zaci mu kaɗai ke da wannan ɗabi'a. A ƙasar Japan, wajen shekara dubu da suka wuce, wata mata ta fadar sarki ta rubuta Hikayar Genji, littafin da har yau suke alfahari da shi, amma babu wanda ya tabbatar da sunanta na haihuwa; Murasaki Shikibu da ake kiranta laƙabi ne, rabinsa daga wata mace ta cikin hikayar, rabinsa daga muƙamin da mahaifinta ya riƙe. Wata marubuciyar ta zamanin ba a san ta da kome ba sai uwar Michitsuna, daidai da yadda za a ce Maman wane a Mamobi. Talakawansu kuma sun daɗe suna sa wa 'ya'ya mata gajerun sunaye na dabbobi da itatuwa don fatan ƙarfi da tsawon rai: Noguchi Hideyo, likitan nan da cutar shawara ta kashe a Ankara a 1928, wanda cibiyar binciken cututtuka ta Legon ke ɗauke da sunansa, sunan mahaifiyarsa Shika, watau barewa. Ƙarin nan na "ko" da muke ji a ƙarshen Michiko da Masako da Aiko a da na 'ya'yan sarauta da manyan fada ne, sai a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 ya bazu cikin jama'a, har Tsuda Ume, wadda ta kafa makarantar mata mai zurfi a Tokyo, ta mai da sunanta Umeko a 1902. Daga baya kuma iyayen Japan suka fara ƙosawa da shi. Na kawo wannan ne don a ga cewa suna yana da yayi a ko'ina, kuma abin da ake wa kallon na ƙauye a wani ƙarni, ko na fada, yakan sauya matsayi a na gaba.

Inda zangon Ankara ya bambanta da Kano ko Katsina shi ne a sunayen rana. Bahaushe ya zo da Ladi da Tani da Talatu da Larai da Lami da Jummai da Asabe, sai ya tarar masu ƙasa suna da nasu tsarin, mai ƙarfi fiye da nasa, domin a wurin Asante duk 'yar da aka haifa ran Lahadi Akosua ce, ta Juma'a Afua, ta Asabar Ama, kuma Yaa Asantewaa, sarauniyar Ejisu da ta ja ragamar yaƙi da Turawan Ingila a 1900, sunanta ma shaida ne cewa ran Alhamis aka haife ta. Su ma mutanen ƙabilar Ga sukan fito da jariri a raɗa masa suna in mako ya kewayo. Saboda haka maƙwabciya mai sayar da kifi ba ta bukatar a yi mata sharhi in aka ce da yarinya Lami. Ta san Yaa ce ta Hausawa. Wannan dacewa ta sa sunan rana ya yi kaka-gida a zango fiye da yadda ya yi a wasu biranen ƙasar Hausa.

Abin da ya fi wannan ban sha'awa shi ne yadda ƙabilun arewacin Gana, waɗanda ayarin goro ya ratsa ƙasarsu shekara da shekaru, suka ari sunayen suka riƙe, Musulminsu da Kiristansu da masu addinin gargajiya. A Bolgatanga da Bawku da Walewale ana samun Lariba da Lamisi da Teni da Asibi, kuma a wurinsu sau da yawa ba laƙabi ba ne, shi ne sunan da ke takarda. Laadi Ayii Ayamba ta wakilci Pusiga a majalisar dokokin Gana. Lariba Zuweira Abudu ta wakilci Walewale, ta kuma riƙe ministar harkokin mata da yara. Ga sunan Lahadi da na Laraba sun shiga kundin majalisa, alhali kuwa a Nima, 'yar boko da kakarta ke kira Larai takan ji nauyin a ji sunan a bakin ƙawayenta na makaranta.

Akwai kuma sunayen da ke ba da labarin haihuwar kanta, waɗanda a ganina su ne mafi daraja ga mai neman tarihi. Azumi ta zo cikin Ramalana, Tasalla ran idi, Kande ko Delu ta biyo bayan maza, Auta ta rufe ƙofa, Talle ta rasa mahaifi ko mahaifiya tana jaririya, Ajuji kuwa uwarta ta sha binne 'ya'ya kafin ita, aka ba ta sunan wulakanci don a nuna kamar ba a damu da ita ba ko ta tsaya. A al'ummar da mata ba su da rajistar haihuwa, wannan shi ne rajistarsu. Misalin da ya fi kusa da Ankara shi ne na Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933 ta rasu a 2001. Mahaifinta, Isa Amarteifio, mutumin Gana ne da aikin jirgin ƙasa ya kai shi Najeriya, ya musulunta, ya auri Banufiya. Sunan yankan 'yarsa Hajaratu. An ce da ita Gambo saboda tagwaye ta bi, Sawaba kuma ta samo shi a gwagwarmayar jam'iyyar NEPU, wadda ta sha ɗauri a kanta. Yau akwai babban asibiti a Zariya da ke ɗauke da sunanta, kuma Gambo Sawaba aka rubuta a ƙofarsa. Akasin wannan shi ne na Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793 tagwaye da ɗan'uwanta Hasan. Bisa al'ada da sunan 'yan biyu za ta tashi, amma Shehu ya zaɓa mata Asma'u, sunan kuwa ya zauna, domin ta rubuta shi da hannunta a ƙarƙashin waƙoƙinta. Macen da ta riƙe alƙalami ce kan iya tsare sunanta na yanka.

Wasu samarin malamai, musamman waɗanda suka yi karatu a ƙasashen Larabawa suka komo, sukan yi wa waɗannan laƙubba kallon ragowar jahiliyya, su ce a kira kowa da sunan da aka yanka masa. Game da irin su Ajuji suna da hujja, domin a ƙarƙashinsa akwai camfi, kuma ya tabbata Annabi ya sauya sunayen da ma'anarsu ba ta dace ba, kamar yadda ya mai da Barra ta zama Zainabu. Suratul Hujurati kuma ta hana jifan juna da miyagun laƙubba. Amma faɗaɗa hukuncin har ya haɗa da Jummai da Azumi da Ummi wuce gona da iri ne. Alkunya sunna ce ta Larabawa da Musulunci ya tabbatar: Nana A'isha ana yi mata alkunya da Ummu Abdullahi ko da yake ba ta haihu ba, 'yar'uwarta Asma'u kuma an san ta da laƙabin ma'abuciyar ɗamara biyu tun daren hijira. Wanda ya ce da 'yarsa Jummai bai yi kome ba face tuna cewa Allah ya ba shi ita a mafificiyar rana.

Amma ba wa'azi ne ya fi raunana tsohon tsarin ba, takarda ce. Akawun asibiti da malamin makarantar gwamnati, waɗanda galibinsu ba su jin Hausa balle Larabci, su ne suka haifar da Adiza da Ayishetu da Memuna da Zenabu, kuma abin da suka rubuta shi ke bin yarinya zuwa jarrabawa da fasfo da bizar aikin hajji, inda harafi ɗaya in ya saɓa tsakanin takardu biyu sai an yi rantsuwa a gaban hukuma kafin a gyara. Bayan haka suna a zango ya taɓa zama abin tsoro. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Gana ta Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar, dubban mutanen zango suka kwashe kayansu, cikinsu har da waɗanda a Gana aka binne cibiyarsu. Tun daga lokacin iyaye suka koyi auna yadda suna zai sauka a kunnen jami'i, kuma har a rajistar katin ɗan ƙasa na 'yan shekarun nan an ji koke-koken mutanen zango cewa ana tsananta musu tambaya saboda sunayensu. Sunan Larabci tsantsa yana cewa mai shi Musulma ce kawai, Musulunci kuwa addini ne na 'yan ƙasa. Asabe ko Kande kan sa a tambayi daga ina kakanta ya zo. Ga kuma littattafan sunaye da tashoshin tauraron ɗan'adam da 'yan'uwa mazauna Jidda da Hambug da Niyok, waɗanda suka buɗe wa iyaye taskar da kakanninsu ba su sani ba, har ajin makarantar Islamiyya a Mamobi ya cika da Nabila da Yasmin da Ihsan da Samira. Irin waɗannan ba su da takwara a cikin gida, don haka babu wanda ake jin kunyar kama sunansa, babu kuma dalilin neman laƙabi. Uwa takan tsaya a bakin lungu ta ƙwala wa 'yarta ta fari kira da sunan da liman ya raɗa, surukarta na zaune a gefe tana tsince wake.