Kasawa Kala-Kala Ce: Sharhi kan Yadda ake Koyar da «can't» a Kwalejojin Damargu

1. Gabatarwa

A Nijar yaro yana fara Faransanci tun firamare, ba ya haɗuwa da Ingilishi sai a ajin farko na kwaleji. Saboda haka bisa al'ada ta Faransanci ake shigar masa da nahawun Ingilishi. A wannan maƙala za mu duba abin da wannan hanya take jawowa a darasi guda, wato furta kasawa. Misalanmu daga zaman yau da kullum na Damargu suke, wato gundumar Tanut, kimanin kilomita 150 arewa da Damagaram bisa hanyar Agadas, da gundumar Belbeji wadda ta samu wannan matsayi a 2011. Maganar ta ƙara nauyi tun watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuwa harsunan aiki.

2. Abin da ake rubutawa a allo

Darasin da muka saba gani layi biyu ne: can't = ne peut pas, couldn't = ne pouvait pas. Daga nan sai jimlolin cike gurbi. Laifin wannan tsari shi ne yana nuna wa ɗalibi kamar ma'ana ɗaya ce. F. R. Palmer, a littafinsa na 1979 kan aikatau masu taimako na Ingilishi, ya raba ma'anoninsu gida uku: abin da ya shafi iko ko hali, abin da ya shafi izini, da abin da ya shafi hukuncin mai magana kan yiwuwar abu. Can't tana shiga duka ukun. Yaron Damargu kuwa ya riga ya san wannan rabo tun a gida, domin harshensa ya ba kowane sutura daban:

(1) Ban iya sassaƙa ba. I can't carve.
(2) Ba na iya ɗaukar buhun nan. I can't lift this sack.
(3) Na kasa jawo wasaki. I couldn't pull up the bucket.
(4) Raƙumin ya gagare ni. I couldn't control the camel.
(5) Rijiyar ba ta gyaruwa. The well can't be repaired.
(6) Ba a shiga gona da bisashe kafin sakin gonaki. You can't take animals into the fields yet.
(7) Ba ta yiwuwa a ce shi ne. It can't be him.

A (1) rashin sani ne, a (2) rashin ƙarfi, a (3) an gwada ba a ci nasara ba, a (4) abin ne ya fi ƙarfin mutum, a (5) halin abin ne ya hana, a (6) doka ce, a (7) kuwa hukuncin hankali ne.

3. Inda ɗalibi yake tuntuɓe

Na farko, lokaci. A (1) aikatau «iya» yana cikin siffar shuɗaɗɗen lokaci, amma ma'anarsa ta yanzu ce, kamar «na sani». Mun sha ganin ɗalibi ya rubuta I couldn't carve alhali yana nufin bai iya ba har gobe. Malami sai ya ja jan biro ya ce kuskuren lokaci ne, bai gano cewa yaron ya bi ƙa'ida ba, ta harshensa. Kuskuren da ba a san tushensa ba kuwa yakan dawo ranar jarrabawar BEPC.

Na biyu, rashin daidaito tsakanin could da couldn't. Ana cewa I couldn't sell my millet ga abin da ya faru sau ɗaya, amma idan cinikin ya faɗa, ba a cewa I could sell my millet. Sai I managed to ko I was able to. Hausa ta nuna wannan sarai: kishiyar «na kasa sai da hatsina» ita ce «na samu na sai da hatsina». Layi biyun allo ba su da wurin sa wannan.

Na uku, giredi na 7 a tsarin aikatau da F. W. Parsons ya fitar a 1960, wato masu ƙarewa da -u irin su gyaru, ɗinku, shawu. Idan aka kore su a lokaci mai ci, suna ba da ma'anar can't be tare da siffar aikatau ta uku. Ɗalibi da ake wahalar da shi da wannan gini a Ingilishi yana faɗin «ruwan nan ba ya shawuwa» tun yana ƙarami. An bar gada a gine an bi ta cikin ruwa.

4. Abin da za a iya ce mana

Za a ce Faransanci ma yana taimakawa. Gaskiya ne: savoir da pouvoir sun raba (1) da (2), haka j'ai pu da je pouvais sun taɓo matsalar could. Ba mu ce a yar da shi ba. Sai dai yaron da Faransancinsa bai nuna ba, ana yi masa bayanin abin da bai sani ba da abin da bai ƙware ba.

Za a kuma ce ajin Damargu ba na Hausawa kaɗai ba ne, akwai ƴaƴan Buzaye da Dagira da Fulani. Wannan ma gaskiya ne. Amma Hausa ce harshen kasuwa da na bakin rijiya a yankin, kuma hanyar da muke nufi ba ta hana malami ya tambayi yaro yadda ake faɗi da Tamajak ko Fulatanci ba.

Hatsari na gaske shi ne fassarar kalma da kalma. A (4) raƙumi ne ke gaban jimla, a Ingilishi kuwa mutum ne. Kwatance yana da amfani ne idan ya nuna inda harsunan suka rabu, ba inda suka haɗu kaɗai ba.

5. Kammalawa

Wani kaso na laifin namu ne, masu nazarin harshe. Aikin Bernard Caron na 1991 kan Hausar Adar, da nahawun Paul Newman na 2000 da na Philip Jaggar na 2001, sun bayyana waɗannan gine-gine, amma domin mai jin Faransanci ko Ingilishi da ke son sanin Hausa. Ba mu juya akalar zuwa ga Bahaushen da ke son sanin Ingilishi ba, ko da yake tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram. Shawararmu ƙarama ce: kafin malami ya rubuta can't a allo, ya sa ɗalibai su kawo jimlolin kasawa da bakinsu, a jera su kamar (1) zuwa (7), sannan a nemi takwarar kowace. Yaron da ya san bambancin «ban iya ba» da «na kasa» ya riga ya ci rabin darasin.